Kwana Arba'in a Bakin Murhu



Shekara goma sha ɗaya na yi da aure ban san inda ake ajiye gishiri a gidana ba. Ba don a yi dariya na faɗi haka ba, ko da yake na san za a yi. Abin da na sani kawai shi ne in ajiye kuɗin cefane a kan madubi da safe, in dawo bayan Magariba in tarar da tuwo a rufe, miya da zafinta, ruwan wanke hannu a gefe. Abin da ke faruwa tsakanin ajiye kuɗin nan da buɗe kwanon nan ban taɓa tambaya ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar yadda aka yi gari ya waye.

A farkon watan Yuni na shekarar 2023 Allah Ya sauki mai ɗakina lafiya, amma sai da aka yi mata tiyata. Haihuwarta ta uku ke nan. Mahaifiyarta ta rasu, Allah Ya jiƙanta, tawa kuma tsufa ya kama ta, tana can garinmu a wajen Rano, mu kuwa muna haya a cikin birnin Kano. Ƙanwata ta zo ta zauna da mu har aka yi suna, washegari ta koma ɗakinta, domin ita ma da nata 'ya'yan. Likita ya ce kada mai jego ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta daɗe a sunkuye, ga shi kuma jininta ya hau tun cikin yana wata bakwai. Wanda ya zauna a Nijeriya a wannan lokaci ya san halin da ake ciki. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, komai na kasuwa ya bi ta. Ɗaukar mai aiki ya fi ƙarfina, sayen abinci a waje sau uku a rana ga baki huɗu shi ma haka. Saura ni da murhu.

Kafin in shiga maganar murhu bari in faɗi abin da muka samu a ranar suna, domin daga baya ya dame ni. Turamen atamfa goma sha ɗaya, kayan jarirai masu yawa kusan duk awo ɗaya, sabulai, man shafawa, da 'yan kuɗi a ambulan. Allah Ya saka wa kowa da alheri, ba raini nake yi ba. Sai dai da daddare na ga mai jego, da ɗinkinta da komai, ta jawo wani ɗan littafi tana rubuta sunan kowace mace da abin da ta kawo. Na tambaye ta dalili, ta ce biki ne, ranar da hidimar wata ta tashi dole a mayar mata, kuma ba a mayar da abin da ya gaza wanda aka karɓa. Ashe rabin abin da ke jibge a kan gadon nan bashi ne. Kuma a cikinsa duka babu abin da za a ɗora a wuta gobe da safe.

Ranar farko da ƙanwata ta tafi na ce tuwon masara da miyar kuka zan yi, saboda a ganina babu abin da ya kai su sauƙi, tunda tun ina yaro nake cin su. Ruwa ya tafasa na juye gari gaba ɗaya, ya dunƙule ya zama gudaji, waje ya dahu ciki ɗanye. Kukar ma haka na antaya ta cikin tukunya, ta yi curi-curi tana yawo a saman ruwa. Ina fama da miya tuwo ya kama, ƙauri ya cika gida ya tsallaka katanga. Babban ɗana, wanda lokacin shekararsa tara, ya leƙa tukunya ya dube ni, bai ce komai ba, ya koma ɗaki. Shirun nan nasa ya fi mini ciwo a kan duk abin da zai faɗa.

Ba a yi rabin awa ba sai ga sallama. Jikar maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa da duk layin ke kira Hajiya, ɗauke da kula biyu, ɗaya tuwon shinkafa ɗaya miyar kuɓewa busasshiya. Ta ce, "Wai in ji Hajiya a ba mai jego." Ko kalma ɗaya ba a yi a kan ƙaurin ba. Washegari da hantsi Hajiya da kanta ta shigo, ta duba mai jego, ta yi wa jaririya addu'a, sannan ta tsaya a ƙofar madafi ta ce, "Malam, jawo mini kujera. Ni ba zan taɓa komai ba, gwiwoyina ba su bari. Kai za ka yi, ni in faɗa."

Abin da ta fara koya mini shi ne talge. Ba a zuba busasshen gari a tafasasshen ruwa kai tsaye. Ana ɗibar kaɗan a dama da ruwan sanyi, a tsiyaya a cikin tukunya ana juyawa, a bar shi ya dahu sosai har ya yi kauri yana ɓalɓala, sannan a rage wuta a riƙa barbaɗa sauran garin ana tuƙawa da muciya. In ya haɗu sai a yayyafa ruwa kaɗan a rufe ya sulala, a sake tuƙawa, a kwashe da mara. Ita kuka kuwa, ba a saka ta sai ruwan miya ya gama haɗuwa, daddawa da albasa da attarugu da busasshen kifi sun dahu har warin daddawar ya kwanta. Daga nan a sassauta wuta, hannun hagu yana barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan, na dama yana kaɗa maburgi ba tsayawa. Ta ce duk miyar kukar da ta yi gudaji, gaggawar mai ita ce ta fito fili. Na yi shiru, don na san da wa take.

Cikin mako biyu na tara abubuwan da a da nake ɗauka ƙananan sani ne. In shinkafa ta kama, ba a kankare gindin tukunya, juye ta sama ake yi a wata tukunyar a bar ƙonannen a inda yake. In gishiri ya zarce a miya, na taɓa jin ana cewa a jefa dankali ya tsotse, na gwada ban ga wani bambanci ba, abin da ya yi mini aiki shi ne ƙara ruwa da kayan miyan da ba a sa wa gishiri ba. Tsamin tumatir ba ya fita sai an soya markaɗen har ruwansa ya ƙone mai ya taso sama. Shi tumatir ɗin ma a wannan lokaci na damina tsada yake yi, sai Hajiya ta aiko mini da kauɗa, wato busasshen tumatir, wanda ta saya ta ajiye tun cikin rani lokacin da na Kadawa ke cika kasuwa yana araha. A jiƙa shi a ruwan ɗumi, a wanke shi sau biyu ko uku saboda yashi, a markaɗa da tattasai da albasa mai yawa. Miyar takan yi duhu, amma ba ta da laifi a baki.

Wanda ya fi ceton aljihuna shi ne na wake. A da in na ɗora wake sai ya ci mini gas na fiye da awa guda. Ta ce in jiƙa shi tun dare, da safe in zubar da ruwan in sa sabo, in ya tafasa kamar minti goma sha biyar in sauke tukunyar a rufe, in naɗe ta da tsohon bargo in cusa a kwando, in tafi harkata. Na ɗauka wasa ne. Bayan awa uku na buɗe na tarar da wake ya yi laushi, tukunya da zafinta har ba ta taɓuwa. Kuma ta hana ni barin wake a buhu. A shanya shi ya bushe ƙarau, a cika jarka mai murfi har baki a toshe, ƙwarin da ke ciki in iska ta ƙare musu mutuwa suke yi. Ta ja mini kunne ƙwarai a kan zuba maganin ƙwari a cikin abin da za a ci, kuma ta yi gaskiya.

Wuri ɗaya muka saɓa da ita, shi ne kunun kanwa. A wurin Hajiya, jego ba ya cika sai da kunun kanwa da wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, haka aka yi mata a haihuwa tara. Mu kuwa likita ya hana, saboda ɗinki da kuma hawan jini. Ba sabon zance ba ne. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego a yankin, suka kuma danganta shi da yawan shan kanwa, wadda ke ɗauke da sinadari irin na gishiri, haɗe da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Na rasa yadda zan faɗa wa dattijuwar da ke ciyar da gidana cewa abin da ta gada daga iyayenta zai iya cutar da matata. Mai jego ce ta fitar da ni. Ta ce, "Hajiya, ni kunun gyaɗarki nake marmari, tun ina da ciki nake jin ƙamshinsa ta katanga." Hajiya ta yi 'yar mita a kan likitocin zamani, amma daga ranar kunun gyaɗa da na tsamiya suka riƙa zuwa a filas, kanwa ba ta sake shigowa ba. Na tabbata ta gane, ta dai bar mu da tunanin mun yi mata dabara.

Babbar Sallah ta faɗo ranar 28 ga Yuni, jego yana tsakiya. Mun haɗa kuɗi mu bakwai muka yanka sa, aka kawo mini kasona a buhu, ga wutar lantarki ta yi kwana biyu ba ta zo ba. A wannan rana na san cewa suyar naman layya aiki ne na yini guda. A yanka shi madaidaici, a dafa da gishiri da citta da albasa har ruwan ya tsotse, a soya a mai har ya daina kumfa, domin kumfar nan alama ce ta sauran ruwa, kuma ruwa shi ke ruɓar da nama. A tsame a baza a faranti ya huce sarai kafin a zuba a kwando, kada a ɗaure shi a leda da ɗuminsa. Na gama bayan Isha'i, bayana kamar zai tsage. Sai na tuna sallah goma da suka wuce, yadda nakan fita yawon gaisuwa da sabuwar riga, in dawo in ce naman bai ji yaji ba.

A majalisarmu ta bakin masallaci an yi mini tsiya ba kaɗan ba. Wani abokina ya kama hannuna ya sansana ya ce warin daddawa yake ji, wani ya ce an gama da ni. Na yi dariya tare da su, amma abin ya tsaya mini. Dukkanmu a wurin mun san abin da Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin salla ya yi. Ni kaina na sha kawo wannan a wurin ɗaurin aure. Ban taɓa tsammanin yana da alaƙa da muciya ba.

Yanzu ga inda na yi kuskure har sau biyu. Kulolin Hajiya sun yi ta zuwa kusan kullum, abin ya yi mini nauyi, sai wata rana na wanke su na sa kuɗi a ciki na ba jikarta. Ba a jima ba yarinyar ta dawo da kuɗin a hannu, ta ce, "Hajiya ta ce a gaya wa Malam ita ba mai tuwon sayarwa ba ce." Kunya ta rufe ni. Mai ɗakina ta ce da na tambaye ta da ta gaya mini: tukwici na ɗan aike ne, shi kuwa kwanon ciyayya in za a mayar da shi da wani abu, to da abinci ake mayarwa, ko 'yan dabino ne, ko soyayyen nama.

Na biyu ya fi tsada. Na lura da itace take girki a tsakar gida, tana sunkuye tana hura wuta, idanunta kullum ja suna hawaye. Hayaƙin girki ba abin wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a shekarar 2020. Da albashi ya shigo na sayi ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 na kai mata, har na nuna wa jikarta yadda ake shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar don a gane ko tana yoyo. Ta yi godiya, ta sa albarka. Bayan wata guda na shiga gaishe ta na hango tukunyar a lungu an kifa mata kwarya. Tsoronta take ji, kuma ko ba tsoro, in gas ɗin ya ƙare wa zai cika mata? Na ba ta kyautar da ke cin kuɗi. Mai ɗakina ce ta gyara, ta ce in karɓo tukunyar da dabara, in sayo murhun gawayi irin mai rufin yumɓu a ciki wanda ba ya cin gawayi da yawa, da buhun gawayi guda, in kuma sa kafinta ya yi mata kujera mai ɗan tsayi da teburin da murhun zai hau, don ta daina sunkuyo. Duka kuɗinsu bai kai na gas ɗin ba. Sharaɗi ɗaya na roƙe ta, kada ta shigar da garwashi ɗaki ta rufe ƙofa lokacin sanyi, domin iskarsa tana kisa ba tare da an ji wari ba. Har yau a kan wannan kujera take girki.

Da aka yi arba'in muka tafi yawon arba'in, muka kai wa mahaifiyata jikarta. A can ta aike ni in ɗauko mata wani abu a akwatinta. Ina ɗaga murfi na ga atamfofin da na yi shekaru ina saya mata a Kantin Kwari duk sallah, a jere, da takardunsu a manne, ko ɗaya ba a ɗinka ba. Na fito tsakar gida da idon da ya yi kwana arba'in a madafi, sai na ga abin da na yi shekaru ina wucewa ban gani ba. Rariyarta ta yage an ɗaure da zare. Turminta ya tsage an ɗaure shi da waya. Wuƙarta ba ta yanka albasa sai da dannawa. Bokitin da take ɗiban ruwa an like shi da wuta har wuri uku. Na ce, "Inna, me ya sa ba ki ɗinka zannuwan nan ba?" Ta ce, "Ina zan je da su, ɗan nan? Na ajiye ne saboda bikin 'ya'yanku." Ban tambaye ta dalilin da ya sa ba ta ce mini rariyarta ta yage ba. Na san amsar, ba za ta taɓa faɗa ba, ni ne ya kamata in duba.

Tun daga wannan shekara na canza yadda nake tsaraba. Ban daina sayen atamfa ba, tana da ranarta, kuma mata sun fi ni sanin lissafin bikinsu. Amma kafin in sayi komai sai na shiga madafin gidan da zan kai wa, ko in sa mai ɗakina ta shiga ta dubo. Ga Inna, abin da ya fi faranta mata rai shi ne na biya mai injin niƙa na unguwarsu kuɗin wata uku gaba ɗaya, da wani yaro mai kura da ke kawo mata ruwa jarka huɗu kullum. Ga ƙanwata da ta yi mana zaman suna, kula mai kyau wadda ke riƙe zafi daga rana har dare, da wuƙaƙe biyu. Ga ɗan wana da ya tafi makaranta a Zariya, garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji da 'yar tukunya, na kuma zaunar da shi na koya masa dafa-duka kafin ya tafi. In azumi ya matso, gero da sukari da tsamiya nake kai wa dangi tun ana saura mako biyu, lokacin da za a iya surfawa a niƙa a natse. Da na duba sai na ga ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba. Garar da iyayen amarya ke kaiwa ai buhunan hatsi ne da mai da daddawa da kuka da gishiri. Magabata sun san abin da sabon gida ke bukata.

In kuma an yi haihuwa a cikin abokai, ba na zuwa da komai ranar suna sai addu'a. Ina bari sai bayan kwana uku ko huɗu, lokacin da 'yan biki sun watse, gida ya yi shiru, tarin wanke-wanke ya rage wa mai shi. Ran nan nake aika kula biyu da filas na kunu, kuma ina gaya wa ɗan aiken kada ya tsaya jiran komai.

A watan da ya wuce mai ɗakina ta yi zazzaɓi na kwana biyu, na koma bakin murhu. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da man shanu, babu gudaji ko ɗaya. Na zuba a kula na ba babban ɗana ya kai wa Hajiya, na ce kada ya faɗi wanda ya yi. Ya dawo da kular an wanke, da goro biyu a ciki. Na ce, me ta ce? Ya ce, "Ta ce a gaishe ka da aiki, wai tuwon ya tuƙu, amma gobe ka rage gishiri."